Wa Iya Take Kallo?

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawa take. Iya, mahaifiyar babanmu, ta koma ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar kakar tumatir, lokacin da ba ka samun babban mutum a gida a ƙauyenmu sai in ciwo ne ya kwantar da shi. Amma an ce kafin azahar gonaki sun yi wayam. Aka bar kwanduna a bakin hanya, aka bar ruwa yana kwarara ba mai juya shi, mutane suka yi ta tuttuɗowa daga Kura da Bunkure, har da 'yan lodin tumatir na kasuwar Kwanar Gafan waɗanda ban san sun santa ba. Ni ina makaranta a kudu, ban samu jana'iza ba. Ranar sadakar uku na iso, ƙafafuna sun kumbura da zaman mota.

Na gaisa da maza a ƙofar gida, na shiga ciki in yi wa mata gaisuwa ina ta danne hawayena. Abin da na fara ji shi ne dariya. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, ita ce a tsakiyar tabarma tana ba da labari, tana share hawaye da gefen mayafi tana ƙyaƙyatawa.

"Ni fa shekara da shekaru ba ma ga-maciji da baiwar Allah nan," in ji Gwaggo. "Ina amarya aka kawo ni unguwar nan. Ranar sunan babanku na shigo da 'yar ƙwaryata ta gudummawa, ta ɗago kai ta watsa mini harara. Na ce to, ni da gidan nan har abada. Har na yaye 'ya'ya biyu ba mu gaisa ba. Rannan a bakin rijiya na gaji, na ce, 'Wai ni me na tsare miki?' Ta dube ni ta ce, 'Baiwar Allah, ke kuma daga ina?' Ashe ranar nan tunkiya take kallo tana cin gumbar suna, ni ko ganina ba ta yi ba!"

Aka sake fashewa da dariya, aka bi da "Allah ya jiƙanta." Wata ta karɓe da nata labarin, wata ta ɗora. Duk wanda ya buɗe baki a zaman makokin nan, maganar idon Iya yake yi.

Don wanda bai santa ba, Iya harara-garke ce. Idonta na hagu ya karkato yana leƙen karan hancinta, na dama kuwa tsaye yake ƙyam. In tana magana da kai ba ka sanin ko kai take kallo ko na kusa da kai. Ita ta fi kowa yi wa kanta ba'a a kan wannan, shi ya sa mutane suka ɗauka abin bai taɓa damunta ba. Ni na san ya dame ta. Ta kuma ce mini, "Bayan raina ka faɗa wa duk wanda ka ga dama, lokacin ba ni da kunyar kowa." Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada a tuna dariyar kaɗai.

Amma bari in fara da dariyar, don da ita Iya ta rayu.

Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗar sunansa, ba ta zama hira da shi. In tana nemansa sai ta ce, "Kai wannan, zo nan." To in suna zaune tare da ƙanensa, Baffa, sai su dubi juna su miƙe su biyu. Haka suka girma, haka suka yi furfura. Baffa yana cewa rabin dukan da ya sha a yarinta ba nasa ba ne, shi dai ya ga an kallo shi ne ya miƙa baya.

In tumatir ya yi kwantai a kasuwa, motocin Legas suka ƙi zuwa, akan tara mata a yanka shi a shanya a yi kauɗa. Iya ce mai tsaron wurin. Za ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno a gindin darbejiya, mata a jere gabanta, ba wadda ke ɗaga kai, don kowacce ta yi imani ita ake kallo. Masu gonaki har layi suke yi a kan ta je ta zauna musu. Takan ce, "Allah ya ba ni ido ɗaya na kwando, ɗaya na ɓarawo. Ku da naku suke kallon wuri guda ai ku ne abin tausayi."

Ni kuwa mijinta ne, kamar yadda kowane jika namiji yake mijin kakarsa. Tun ina rarrafe take ƙarata a kan cefane. In na dawo daga makaranta ta ce, "Ga maigidan nan, hannu na dukan cinya. Sauran mazaje suna shigowa da tsire, nawa sai littafi." In ce, "Iya, ai ke ce ba kya kallona da idon rahama." Ta ce, "Wanne daga ciki? Zaɓi ɗaya in ba ka."

Tana son karin magana, amma sai ta murɗe ta. In an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, sai ta ce ita tana hango gabas da kudu a lokaci guda, a kawo yaron da zai iya. Akwai guda ɗaya da take yawan faɗa ba tare da ta murɗe ta ba: mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Mun sha jin ta a bakinta, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sai aka haifi Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe. Tana fara tafiya aka lura idonta na hagu yana zamewa wajen hanci, musamman in ta ƙura wa abu ido. Mata suka yi ta murna da abin dariya: "Iya ta dawo tun ba ta tafi ba!" Kafin ta shekara huɗu yaran unguwa sun raɗa mata Harara-garke Ƙarama. Kowa ya zaci Iya za ta fi kowa jin daɗi. Ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Rannan wani yaro ya kira sunan a ƙofar gida, Iya ta fito da muciya ta bi shi har bakin kanal na ban-ruwa, tsohuwar da kullum take kukan gwiwa.

A shekarar ina ajin ƙarshe a sakandare. Wata safiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Maigida, yau za ka yi amfani. An ce akwai asibitin ido a Birni. Ka kai ni da yarinyar nan, kai ka iya Turancinsu." Ta gaya wa Baba wai ita ce za a duba wa yana. Muka hau mota a Kura mu uku.

Bayan likita ya duba Auta sai aka tura mu wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Ɗakin bai yi kama da asibiti ba. Ga 'yan tsana, ga hotunan kaza da mota a bango manya da ƙanana, ga yara a kan benci, wasu an manne musu ido ɗaya da filasta. Wata mata mai sanyin murya ta zaunar da Auta, ta haska mata 'yar fitila, ta rufe wannan ido ta buɗe wancan, tana tambayarta, "Mene ne wannan? Wancan fa?" Da idon dama Auta ta faɗi har ƙaramar kazar ƙasa. Da aka rufe na dama, mota babba kawai ta iya gani, ita ma sai da ta karkata kai.

Matar ta yi mana bayani da Hausa mai daɗi. Ta ce idon da ya karkace, ƙwaƙwalwa ce take gajiya da shi ta daina sauraronsa, ta koma wa mai lafiyar. In aka bar shi haka har yaro ya girma, idon yana nan a buɗe amma ya daina koyon gani, kuma ba ya koyo daga baya. Ta ce Auta za ta sa tabarau, shi zai taimaka wajen miƙar da idon, sannan kullum a rufe mata mai lafiyar na wasu awoyi, don malalacin ya tashi ya yi aiki. Ta ce mun zo a kan lokaci, amma lokacin ba shi da yawa.

Sai ta juya wajen Iya cikin raha ta ce, "Mama, ke ma bari in gani." Kafin Iya ta ce uffan, ta ɗora mata ɗan faranti a idon dama. Ta ɗaga yatsunta ta ce, "Nawa ne?"

Iya ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yar nan, ban ga komai ba sai inuwa. Tun da na yi wayo haka yake."

Na tsaya kamar an dasa ni. Idon ɓarawo, idon da ya tsare kauɗar rabin ƙauyenmu, ashe bai taɓa ganin ɓarawo ba. Iya ta tambayi matar, "Da an kawo ni ina kamar wannan, da ya tashi?" Matar ta ce, "Da wataƙila ya tashi, Mama." Iya ta gyaɗa kai, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce mu tafi. A mota tausayinta ya cika mini zuciya, har muka wuce kwanar Dawaki na kasa kallonta. Sai da muka fara hango shinkafa kore shar a gefen titi ta ce, "In ka faɗa wa wani sai na sake ka." Na ce ai miji ke saki. Ta ce, "A gidana ni ke yi."

Ni ke raka Auta komawa asibiti duk lokacin da aka ba mu, kuma a nan ne abin ya shiga raina. Na tambayi matar sunan aikinta. Ta ce otoftik ake ce masa, aikin duba yadda idanu biyu suke tafiya tare da gyara su in sun saɓa. Ta ce ita ba likitar tiyata ba ce, ba ta yanka, aikinta gwaji ne da horo da haƙuri. Na ce a ina ake koyo? Ta ce a nan kusa babu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce in nemi karatun awon ido a wata jami'a a kudu, in na gama in ƙara horo a kan idon yara. Na ce to akwai aiki? Ta nuna mini bencin da hannu. "Ba za ka yi kuɗin masu tiyata ba, kada in yaudare ka. Amma mu kaɗan ne, yaran kuwa ga su nan. Ba za ka zauna kana korar ƙuda ba."

Na dawo na gaya wa Iya. Ta gwada faɗar sunan sau biyu, harshenta ya ƙi. Ta ce, "Bar wannan, gaya mini me suke yi." Na ce suna sa idanu su tsaya a layi ɗaya. Ta ce, "Au, daidaita sahu kenan. Abin da liman yake yi kafin ya ta da kabbara. To ka ce haka mana."

Wannan suna ya jawo mini abin da ban manta ba. A lokacin ne aka fara kawo babura masu ƙafa uku a Birni, waɗanda ake kira adaidaita sahu, labarinsu ya cika gari. Iya ta bi gidajen biki da na suna tana shela cewa mijinta zai tafi jami'a karatun daidaita sahu. Kafin mako ya zagayo, wani dattijo ya tare ni a masallaci ya ce, "Yaro, ashe har wannan sai an je jami'a? To shekara nawa ake yi kafin a ba ka tuƙi?" Abokaina suka riƙa tsayar da ni a hanya suna cewa, "Direba, Madobi nawa?" Iya ta san sarai abin da ta haddasa, kuma ba ta gyara wa kowa ba.

A gida kuwa maganar ba ta dariya ba ce. An fara rigima tun a kan filastar Auta. Baba ya dawo daga gona ya tarar an manne idon yarinya mai lafiya, tana laluben bango tana kuka. Ya ce wannan wane irin hauka ne, a rufe mai gani a bar mara gani? Umma ma hankalinta bai kwanta ba, don mata sun gaya mata idon da aka rufe shi zai mutu, yarinya ta tashi a tutar babu. Baba ya ɓare filastar da hannunsa ya ce kada ya sake gani.

Washegari da safe Iya ta ɗauki sandarta ta bi shi gona, ni ina biye da ita. Ranar ban-ruwanmu ce. Baba yana tsaye da fartanya a bakin 'yar hanyar ruwa, fangalin gaba ya cika, na can ƙarshe ƙasarsa a bushe. Iya ta tsaya ta kalli wani wuri tsakaninsa da bishiyar mangwaro ta ce, "Kai wannan, wancan na ƙarshen ba ya shan ruwa ne?"

Baba ya ce, "Yanzu zai sha, Iya. Bari in toshe na gaban."

"Don me za ka toshe mai sha? Ai shi ne mai lafiya."

"In ban toshe shi ba shi zai yi ta shanyewa, ruwa ba zai taɓa ƙarasawa can ba."

Iya ta ce, "To." Ta juya ta kama hanyar gida. Baba ya daɗe tsaye da fartanya a hannu. Da yamma shi da kansa ya aiki yayana zuwa Kura ya sayo wata filastar.

Sauran aiki ya koma kan Auta, don ita ba ta san fangali ba, ta dai san an rufe mata ido. Da an juya baya ta ɓare. A nan Iya ta fito da dabara. Ta samo ƙyallayen atamfa wajen tela, ta ɗinka 'yan marufai biyu iri ɗaya masu igiya, ɗaya a ɗora wa Auta a kan tabarau, ɗaya nata. Ta ce anko suka yi, duk wanda ba shi da shi ba ɗan biki ba ne. Auta ta yarda kwana biyu. A na uku ta ƙura wa Iya ido ta ce, "Iya, maguɗi kike yi. Ni wannan aka rufe mini, ke wancan kika rufe."

Gaskiyar yarinya ce. Iya mataccen idon take rufewa, ba abin da ta rasa. Na zuba ido in ga yadda za ta fita. Sai ta kwance igiyar, ta mayar da marufin kan idonta na dama, ta ɗaure. Ni kaɗai a tsakar gidan na san cewa ta shiga duhu kenan. Ta lalubi tabarma ta zauna ta ce, "To Auta, yanzu ke ce idona. Zo ki tsince mini tsakuwar shinkafar nan, tsufa ya hana ni gani."

Haka suka yi ta yi wata da watanni. Kullum da hantsi, in an watse gona, za ka same su a inuwar rumbu, kowacce da marufinta, Auta tana tsintar shinkafa, tana zura zare a allura, tana gaya wa Iya kazar wa ce ta shigo. Iya tana ta zuba mata tatsuniya da waƙe-waƙen daka. Mutanen gida suna dariya suna cewa tsohuwa ta koma yarinta. Sau ɗaya ta yi tuntuɓe da turmi ta fasa goshin ƙafa, ta ce turmin ne ya harare ta. Matar asibiti da ta ji labarin tsintar shinkafa ta ce ko ita ba za ta ba da aikin da ya fi wannan ba.

Maganar karatuna kuwa ta tsaya cik. Jarrabawar shiga jami'a ta farko ban kai makin da ake nema ba, sai na zauna shekara guda ina taya Baba aikin albasa ina bita. Da lokacin sake nema ya zo, aka zauna a tsakar gida bayan la'asar. Baffa yana son in karanta injiniyan ban-ruwa a nan Kano, in samu aiki a ofishin ruwa, ko banza gonarmu ta daina zama ta ƙarshen layi. Baba ya ce ko likita sosai ko noma, amma ba zai tura ɗansa wata uwa duniya inda ba dangin iya ba na baba, don karatun da ko suna ba shi da shi da Hausa ba. "Abin da ba shi da suna, wa zai ba shi albashi? Kuma mene ne a ciki? Ga Iya nan, da idonta ta haife mu, ta aurar da mu, ba abin da ya rage ta da shi. Kwalliya ce kawai."

Ni kuwa alƙawarin da na yi wa Iya ya ɗaure mini baki. Iya tana bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Sai ta ajiye carbin ta ce, "Kai wannan, zo nan." Baba da Baffa suka miƙe tare. Ta ce, "Babban nake nufi." Baba ya zo ya durƙusa a gabanta. Ta ɗaga tafin hannunta ta rufe idonta na dama, ta fuskance shi sosai, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Ta ce, "Ni na haife ka. Na goya ka, na yaye ka, na ga gemunka ya fito ya yi fari. Amma idon nan da kake kallo bai taɓa ganinka ba. In ka tashi wani ya durƙusa a wurinka, ba zan sani ba. Ba wanda na taɓa gaya wa a gidan nan sai yaron nan, har mahaifinku ya koma ga Allah bai sani ba. Na mayar da shi abin dariya ne don kada a mayar da ni abin tausayi. Ba kwalliya ba ce. Yara nawa ne a ƙauyukan nan ake yi wa suna ana dariya, idonsu yana mutuwa? Ka bar yaron nan ya tafi."

Umma ta sa gefen zane tana share ido. Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Iya. Ya tafi." Sai Baffa ya ce, "Yanzu Iya duk tsoron da muka sha na idon hagun nan, a banza muka sha shi?" Ta ce, "Da wa ya gaya muku ku yi laifi a hagu?"

Na sake zama jarrabawar, Allah ya ba ni sa'a, sunana ya fito. Ranar tafiya Iya ta cika mini buhu da kauɗa da kuka da daddawa, ta ce an ce mutanen can ba su san miya ba. Ta raka ni har bakin titi tana faɗa wa duk wanda muka gamu da shi cewa direba zai tafi. Da mota ta tsaya ta kama hannuna ta ce, "Ka koyo da kyau. Kada ka dawo mini da rabin sahu."

Karatun ya yi wuya, garin ya yi nisa, kuma har yau ban kai ga ɓangaren da na tafi dominsa ba, sai na gama wannan tukuna. Duk hutun da na dawo sai ta sa na duba yaran unguwa da 'yar fitilata, ta zauna a gefe tana ba da umarni kamar ita ce malamar. Mun samu biyu da muka tura Birni. Uwar ɗaya ta ƙi yarda da rufe ido, Iya ta ɗauki sanda ta kai ta gona.

Ganina da ita na ƙarshe hutun da ya wuce ne. Jiki ya yi nauyi, ba ta fita sai an riƙe ta. Na sauka daga mota na shigo da jakata, na tsaya a bakin zaure daga ciki. Tana kishingiɗe a ƙofar ɗakinta can ƙarshen tsakar gida, Auta na zaune kusa da ita da tabarau, ta shiga firamare har ta yi nisa, idanunta biyu suna tafiya tare. Iya ta ji sallamata amma ba ta amsa ba. Sai ta jawo Auta, ta sa tafin hannu ta rufe mata idon dama ta ce, "Wa ya shigo?"

Auta ta ce, "Mijinki ne."

"Me ya riƙo?"

"Jaka ce kawai. Ba cefane."

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta sauke hannunta, ta shafa kan yarinyar ta ce, "Alhamdu lillahi. A kaina ya ƙare." Sannan ta amsa mini sallama, ta shiga yi mini tsiyar tsire.

Ranar sadakar uku, bayan Gwaggo ta gama labarin tunkiya, Auta ta shigo da butar ruwa ta ajiye. Gwaggo ta bi ta da kallo ta ce, "Ikon Allah. Tafiyar, goshin, har bakin, duk na marigayiya ne. Ido ne kaɗai ba ta ɗauko ba." Mata suka ce ƙwarai kuwa, kamar sun manta da Harara-garke Ƙarama. Ni a nan hawayen da nake dannewa tun daga mota suka ɓalle, na fita zaure na yi kukana. Ta ɗauko idon, Gwaggo. Iya ce ta zauna cikin duhu a inuwar rumbu har ta karɓe shi daga gare ta.

Na yi kewar matata. Ba ta jira na gama na dawo mata da cikakken sahu ba, kuma har ta tafi ban taɓa kai mata tsiren nan ba. Duk wanda ya karanta wannan, in akwai yaro a gidansu da ake kira harara-garke, ya yi dariyarsa in ya ga dama, amma ya kai shi a duba tun icce yana ɗanye.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata makwancinta. Idon nan nata na hagu da ya shekara saba'in da wani abu a duniya bai ga ɗanta ba, bai ga koren shinkafar Kura ba, ya Allah ka buɗe mata shi, ka sa abin da zai fara gani ya zama Aljanna. Amin.